Kajina Tsakanin Zafin Bazara da Ruwan Kogin Haɗejiya

Ni malamar firamare ce a Haɗejiya, kuma sabon da na yi da kiran suna a aji kowace safiya shi ya sa tun ranar da kajina suka fara ƙwai, a ƙarshen 2014, na sayi littafi mai layi irin na rajista, nake rubuta abu 4 a kullum: kajin da suka wayi gari da rai, ƙwan da aka tsince, abincin da suka ci, da waɗanda suka mutu. Littattafan sun taru a cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona. Kwanakin baya 'yar ƙanena, wadda ta kammala karatu ba ta sami aiki ba, ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ce: "Gwaggo, ina so in fara kiwon kaji kamar yadda kike yi, ki sa mini albarka ki kuma nuna mini hanya." Na sa mata albarka a take, amma nuna hanyar ya yi mini nauyi, domin hanyar da na bi a 2014 ba ta ɓullewa a yau. A daren na fito da littattafan na shimfiɗa su a tabarma, na riƙa kwatanta shafukan watan Afrilu na shekara da shekara, kuma abin da na gani a cikinsu shi ne ya sa nake wannan rubutu.

Na tashi a wani ƙauye da ke cikin ƙasar Auyo, a gidan da kaza take matsayin asusun mace. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ba ta taɓa sayen abincin kaji ba. Dusar da ta fita daga surfe, da tsakin da ya rage a faifai, da garar da muke haƙo mata a suri, su ne abincin 'yan tsakinta, sauran kuma kaji su nema a bola da bayan gida. Tana da lissafin shekara da ba ya kuskure mata. Ta san cewa zabi suna fara ƙwai idan ruwa ya sauka ciyawa ta tsiro, sai ta tara ƙwan ta sa wa kazar da ta fi iya kwanci, domin zabuwa ba ta cika kula da 'ya'yanta ba, kuma ta san kaza na ƙyanƙyashe nata a kwana 21 amma na zabo sai an kusa mako 4. Ta san cewa idan iskar hunturu ta kaɗo, annobar da ke murɗe wa kaji wuya tana tafe, don haka da kaka take sayar da zakaru da tsofaffin kaji, ta bar iri kawai. Akurkinta na ƙasa ne mai rufin ciyawa, a gindin darbejiya, kuma ruwan shan kajin a cikin tsohon kasko yake, a inuwa. Ban taɓa jin Inna ta ce zafi ya kashe mata kaza ba.

Lokacin da na ɗauki kuɗin adashina a 2014, burina shi ne in wuce inda Inna ta tsaya. Kazar gida tana yin ƙwai kamar 40 zuwa 60 a shekara, kazar gidan gona kuwa tana iya kusantar 300 idan ta sami kulawa, kuma wannan bambanci ya ishi kowa dalili. Maigidana ya ba ni ɓangaren filin da ke bayan gidanmu, muka kira magini ya ta da ɗaki na bulo, aka rufa shi da kwano, aka bar tagogi ƙanana a sama saboda tsoron ɓarayi da muzuru. Babu wanda ya tambayi inda rana take fitowa da inda take faɗuwa, saboda haka doguwar katangar ɗakin ta fuskanci yamma, rufin kuma ya yi ƙasa har namiji mai tsawo yana taɓa shi da hannu. Na yi odar 'yan tsaki 100 daga wajen dillali a Kano, waɗanda aka ce mini a kudu ake ƙyanƙyashe su a ɗoro su a mota a kwana ana tafiya. Na raine su da gawayi da fitila, kuma da suka kai wajen mako 20 suka fara ƙwai.

Shekarun farko sun yi albarka. A 2015 murar tsuntsaye ta sake ɓulla a Kano da wasu jihohi, aka hallaka kaji masu yawa a manyan gonaki, amma Allah ya tsare nawa. Da ribar ƙwai na biya wa 'ya'yana kuɗin jarrabawa, na sayi keken ɗinki, na taimaka wa maigida a lokacin da albashi ya yi jinkiri. Masu shayi da masu shaguna suka san ƙofar gidana, kashin kajin ma masu lambu suna zuwa da amalanke su saya. Kafin 2019 kajin sun kai 400.

Abin da ban lura da shi ba a lokacin, sai da na jera littattafan a gabana, shi ne yadda ramin bazara yake ƙara faɗi. A shekarun farko ƙwai kan ragu na mako 3 ko 4 a cikin Afrilu, sannan ya farfaɗo da zarar hadari ya fara haɗuwa. Daga baya raguwar ta riƙa farawa tun cikin Maris, wata shekarar ma tun ƙarshen Fabrairu, ta kuma ja har Yuni. Kaji 100 da ke ba ni kiret 2 da rabi a rana da sanyi, sai su koma kiret 1 da 'yan kai. Ƙwan ya ƙanƙance, ɓawonsa ya yi laushi har yatsa yana huda shi, masu shayi suka fara dawo mini da fasassu. A gefen shafi na kan rubuta 'yan kalmomi, kuma kalmar da ta fi maimaituwa ita ce "dare bai yi sanyi ba". Mu mutanen wannan yanki mun saba da zafin rana tun kaka da kakanni, babu wanda zai koya mana bazara, amma mun saba da cewa bayan isha'i iska kan sassauto, mutum da dabba su huta. Wannan hutun na dare shi ne ya riƙa gajarta. A lokacin na ɗora laifin a kan abinci, na canza kamfani har sau 3, na kashe kuɗi a kan magungunan da ba su da alaƙa da abin da ke damun kajin.

Kafin in gane zafi, ruwa ne ya fara kayar da ni. Duk wanda ya zauna a ƙasar Haɗejiya ya san kogin nan shi ne arzikinmu, da shi ake noman shinkafa da alkama da kamun kifi, ya kuma san cewa ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa tsakanin nan da Nguru, ta yadda idan ruwa ya taho da ƙarfi daga sama, daga ɓangaren Tiga da Challawa, ba ya samun hanyar wucewa sai ya fantsama. Daminar 2022 ta zo da ruwa mai yawa a kwanaki kaɗan. A faɗin Najeriya mutane fiye da 600 suka rasu, fiye da miliyan 1 suka bar gidajensu, kuma Jigawa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. A garinmu maza suka kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ƙarfafa jinga. Unguwarmu ba ta nutse ba, alhamdu lillahi, amma ruwan sama da ya rasa magudana ya kwanta a bayan gidanmu, ya kuma riƙa tsattsafowa daga ƙarƙashin daɓen ɗakin kaji.

Na shiga ɗakin da asuba na tarar da buntun shinkafar da nake shimfiɗa musu ya zama taɓo, kajin sun hau kan mazubin abinci suna tattake juna. Buhunan abinci 14 da na saya da kuɗin aro, na jingine su a ƙasa, duk sun sha ruwa ta gindi. Muka kwashe kajin a kwanduna zuwa wani kangon ɗan'uwan maigida da ke kan tudu, kuma a wannan ƙaura kaɗai ƙwai ya tsaya cik na kwanaki. Bayan mako guda suka fara kashin jini, cutar da damshi ke taimaka wa yaɗuwarta. Kuskuren da na yi, wanda har yau yake ci mini rai, shi ne na shanya abincin da ya jiƙe na ci gaba da ba su, saboda ba ni da halin zubar da shi. Hunhunar da ke kama masara da gyaɗa idan sun sha damshi tana barin guba da rana ba ta kashewa, tana lalata hantar kaza, ta kuma raunana ta har rigakafi ya kasa aiki. Ban san haka ba sai daga baya. A cikin wata 2 na rasa kaji 93, kuma waɗanda suka rayu ba su sake komawa yadda suke ba.

Ba zan ɗora wa yanayi abin da ba shi ya yi ba. A farkon 2023 aka shiga ƙarancin takardun kuɗi saboda sauya fasalin naira, ƙwai ya taru a gidaje babu mai saye, na sayar da kiret a ƙasa da abin da na kashe. A ƙarshen Mayun shekarar aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya ninka, kuma duk abin da kaza ke bukata a mota yake zuwa. Rashin tsaro ya hana manoma da yawa a Zamfara da Katsina da Kaduna shiga gonakinsu. Waɗannan duk aikin mutane ne. Sai dai masara ita ce kusan rabin abincin kaza, kuma duk shekarar da ambaliya ta cinye gonaki, ko ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina, ko tsutsar da ta shigo ƙasar nan a 2016 ta cinye zuciyar masara, mai kaji a bayan gida yakan ji abin a aljihunsa ko da bai mallaki ko kunya ɗaya ta gona ba. Kaji 100 masu ƙwai suna cin kusan rabin buhu mai kilo 25 a kowace rana, ko sun yi ƙwai ko ba su yi ba. Babban mai gona yana sayen masara da kaka ya cika rumbu, mu kuwa muna saye buhu-buhu a lokacin da ta fi tsada.

Don in cike giɓin da ambaliya ta bar mini, na yanke shawarar sa kajin nama domin kasuwar ƙaramar salla ta 2024. Lissafin ya yi kyau a takarda: kajin nama suna isa yanka a mako 6 zuwa 7, kuma babu lokacin da ake neman kaza kamar jajibirin salla. Na karɓi 'yan tsaki 200 a ƙarshen Fabrairu, na raba ɗakin gida 2, su a ɓangaren yamma, masu ƙwai a ɓangaren gabas. Abin da ban saka a lissafi ba shi ne azumin shekarar ya faɗo daga 11 ga Maris zuwa cikin Afrilu, wato kajin za su kai ƙarshen nauyinsu daidai lokacin da rana ta fi ƙuna.

A cikin goman ƙarshe abin ya faru. Tun da hantsi iska ta tsaya, ganyen bishiya ba ya motsi. Bayan azahar ɗana na biyu ya shigo da gudu ya ce: "Umma, ki zo ki ga kajin, sun kwanta ba sa tashi." Da na buɗe ƙofar, hucin da ya buge ni kamar na bakin tanda ne. Kajin sun baje a ƙasa, sun buɗe fukafukai, bakunansu a wangale suna haki, ruwan da ke cikin robobin sha kuwa ya yi ɗumi har ba sa kusantarsa. Waɗanda suka fi girma, waɗanda na riga na yi wa kuɗi a raina, su suka fara mutuwa. Babu wutar lantarki, ƙanƙara ta yi tsada kuma masu azumi sun riga sun yi layi a kanta. Maigida ya ɗauko wuƙa, ya kira maƙwabta 2, suka riƙa yanka duk wadda ta fara shure-shure kafin ta zama mushe, ni da yara muna yayyafa wa sauran ruwa muna fitar da su inuwar katanga, dukkanmu da azumi a baki. Kafin a kira magariba 58 sun mutu, an yanka 41. Ba mu da inda za mu adana nama a wannan zafi, sai muka sayar da abin da ya sayu a rabin kuɗi, sauran muka raba wa maƙwabta da almajirai suka yi buɗa-baki. Mushen kuma maigida ya haƙa rami a bayan gari ya binne.

A daren ban iya cin abinci ba. Na zauna a tsakar gida ina kuka a hankali don kada yara su ji, maigida ya zo ya ce: "Malama, ki yi haƙuri, wanda ya ba mu shi ya karɓa, kuma ba a kanmu aka fara ba." Na san gaskiya ya faɗa, na kuma yi istirja'i, amma zuciyata ta kasa daina tambayar ko akwai abin da ya kamata in yi ban yi ba. Bayan kwanaki na ji a rediyo cewa a makon nan ne zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, mutane da yawa suka mutu a Bamako, kuma masana yanayi da suka yi nazarin abin sun ce zafi irin wannan ba zai auku ba in ba don ɗumamar da hayaƙin man fetur da gawayin ƙasa da iskar gas ya jawo wa duniya ba. Wannan ne karo na farko da kalmar sauyin yanayi, wadda nake koya wa ɗalibai daga littafi, ta zama abin da na binne a rami.

Bayan salla na nemi wani likitan dabbobi, dattijo da ya yi ritaya, na roƙe shi ya zo ya ga ɗakin. Ya shiga ya tsaya jim, ya ɗaga hannu ya taɓa kwanon, sannan ya ce: "Malama, wannan ɗaki an gina shi ne don tsoron ɓarawo, ba a tuna da rana ba." Ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da na so a ce na ji shi shekara 10 da suka wuce. Kaza ba ta yin gumi. Zafin jikinta ya kai wajen digiri 41, ga gashi ya lulluɓe ta, kuma ta fi sakewa idan iskar ɗaki tana tsakanin digiri 18 da 24. Idan zafi ya haura 30 sai ta koma haki domin ta fitar da shi ta numfashi, hakin kuma yana fitar da iskar da jikinta ke bukata wajen gina ɓawon ƙwai, shi ya sa ɓawon ke laushi. Tana rage cin abinci saboda narkar da abinci kansa yana ƙara mata zafi, don haka kazar da ta cika ciki da hantsi ita ce ke cikin haɗari da azahar. Na tuna cewa a ranar da abin ya faru na cika musu mazubi da ƙarfe 9 na safe domin su ƙara nauyi kafin salla. Na ce: "Likita, ashe da hannuna na taimaka wa zafin." Ya ce rashin sani ne, kuma mafi yawan masu ƙananan kiwo haka suke yi.

Gyaran ya ɗauke ni kusan shekara, domin kuɗi ba su zo a lokaci ɗaya ba. Na sayar da keken ɗinki da rabin kajin da suka rage. Ba mu iya juya ɗakin ba, amma mun rushe dogayen katangun har zuwa gwiwa muka maye gurbinsu da ragar waya, muka ɗaga rufin, muka yi rumfar zana a gefen yamma domin ta tare ranar la'asar. A kan kwanon muka shimfiɗa karan dawa da ciyawa, kuma a ranar da aka gama na sa ma'aunin zafin da na saya na ga bambanci a fili tsakanin ciki da waje. Jinkar tana da nata wahala: ɓeraye suna son ta, tana bukatar sauyi bayan damina, kuma ba na barin a kusanto ta da garwashin rainon 'yan tsaki. Daɓen kuma muka cike shi da ƙasa ya ɗaga kamar taku 1 da rabi, muka haƙa lambatu a kewaye, abinci kuwa yanzu a kan katako yake, nesa da bango, kuma da damina ba na ajiye fiye da na mako 2.

Ruwan sha shi ne abin da ya fi ba ni mamaki, domin maganinsa yana gidan Inna tun ina yarinya. Na sayi randuna 3 na binne gindinsu a cikin yashi a inuwa, ana jiƙa yashin safe da rana, kuma daga nan ake ɗebo wa kajin ruwa sau 4 a wuni a lokacin bazara. Likitan ya rubuta mini ma'aunin bitamin da gishirin da ake sa wa a ruwa a ranakun tsananin zafi, ya kuma gargaɗe ni kada in ƙara da ka. Lokacin ba da abinci ya koma bayan sallar asuba, in ɗauke mazubi da hantsi, in mayar bayan la'asar sakaliya, sannan ƙwan fitila mai aiki da hasken rana ya ba su damar ci da dare. A Maris da Afrilu, lokacin da iska take a bushe, muna rataya jiƙaƙƙun buhunan algarara a gefen da iska ke shigowa, suna sanyaya ɗakin sosai. Da zarar hadari ya fara haɗuwa iska ta yi nauyi da damshi, sai mu daina, domin a lokacin jiƙa buhu ƙara wa kaza wahalar numfashi yake yi. Na shuka darbejiya da zogale a kewayen ɗakin, amma ina sassabe rassan da suka rufo kan rufi, saboda tsuntsayen daji da ke sauka a kansu suna iya kawo cuta, mu kuma muna kusa da fadamar da tsuntsaye ke zuwa daga ƙasashe masu nisa.

Abin da ya fi yi mini wuyar karɓa shi ne rage yawa. Ɗakin da na taɓa cusa wa kaji 400 yanzu 220 ne a ciki. Na daina sa kajin nama daga Fabrairu har ruwa ya zauna, duk da cewa ƙaramar salla a waɗannan shekaru tana faɗowa a cikin Maris, kuma ina ganin kasuwar tana wuce ni. Zafin nema ba ya kawo samu, na gani da idona. Tsofaffin masu ƙwai kuma ina sayar da su kafin bazara ta kama, in karɓi sababbin 'yan tsaki a lokacin da za su shiga zafi suna ƙanana marasa nauyi. Na kuma koma ga abin da na raina a 2014: a tsakar gida yanzu akwai kajin gida da zabi, har da irin kazar nan da wuyanta ba gashi, wadda na lura ta fi sauran jure rana. Na gwada kajin Noiler, masu iya kiwo a waje su ci ragowar abinci, na kuma ji labarin Shika Brown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta samar domin yanayin ƙasar nan. Kajin gida ba za su biya kuɗin makaranta su kaɗai ba, amma a ranar da zafi ya kwantar da na ɗaki, su suna gindin randa sun tona ƙasa mai sanyi sun kwanta abinsu.

Wajen abinci, na koyi haɗa wani ɓangare da kaina bisa ma'aunin da likitan ya tsara mini, ina musanya kason masara da dawa idan ta fi araha, ina ƙara dusar shinkafa da ke da yawa a garinmu, da waken suya da aka soya, da garin ƙananan kifi daga kasuwar kifi. Ina duba kowane kwano na hatsi da ido da hanci kafin in saya. Rigakafi kuma ya zama aikin haɗin gwiwa. Yawancin alluran kaji suna mutuwa idan suka ji zafi, kuma a garin da wuta ba ta zama, mutum yana iya biyan kuɗi ya ɗiga wa kajinsa ruwan banza. Mu mata 9 a unguwarmu muka haɗa kai, mutum ɗaya ta je ta karɓo a cikin fulas mai ƙanƙara, mu yi wa kajinmu a safiya ɗaya kafin rana ta ɗaga. Domin kajin gida muna neman irin rigakafin annobar murɗe wuya da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato ke yi, wanda ya fi jure zafi, ana ɗiga shi a ido, kuma muna yi kafin hunturu. Idan NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, ta fitar da hasashen damina a farkon shekara, ko ta yi gargaɗin zafi, duk wadda ta fara ji a rediyo takan aika wa sauran.

Bazarar 2025 ta zo da nata zafin, kuma littafina ya nuna kaji 6 na rasa daga Maris zuwa Mayu. Ƙwai ya ragu, amma bai faɗi warwas ba. Na gode wa Allah, sai dai ba na so a ɗauka cewa an gama da matsalar. Cikinmu mu 9, mata 4 sun rufe ɗakunansu, ba don sun fi ni rashin dabara ba, sai don ba su da albashin da za su jingina da shi su ɗaga rufi ko su jure shekara guda babu riba. Yana yi mini ciwo idan na ji ana cewa talaka ya daidaita da sauyin yanayi kamar abin kyauta ne, alhali kowace dabara da na lissafa a nan da kuɗi na saye ta, wasu kuma da gawar kaji. Bashi mai sauƙi da za a gina ɗaki mai kyau tun farko, da malamin gona da zai zo ya duba kafin a aza bulo, da firjin rigakafi mai aiki da hasken rana a kowace gunduma, za su ceci mata da yawa daga abin da ya same ni. Kuma har yanzu, duk shekara idan Agusta ta raba, kunnena yana kan labarin kogi, domin daɓen da na ɗaga zai tare ruwan sama ne kawai, ba zai tare Kogin Haɗejiya ba idan jinga ta ɓalle.

Da 'yar ƙanena ta dawo bayan kwana 3, na kai ta filin da mahaifinta ya ba ta tun kafin rana ta fito, muka tsaya har ta ɓullo, na sa ta kafa turke a gabas da wani a yamma, na ce tsawon ɗakinta ya bi tsakanin turakun nan. Na ce ta fara da kaji 50, ta sayi randa kafin ta sayi 'yan tsaki, kuma kada ta karɓi kajin nama sai bayan ruwa ya zauna. Ta ce: "Gwaggo, 50 ba su yi kaɗan ba?" Na miƙa mata littafin 2024 na buɗe mata shafin goman ƙarshe na azumi, ta karanta a tsaye, ta daɗe ba ta ɗago kai ba. Sannan na ba ta sabon littafi mai layi da na saya mata, na nuna mata yadda za ta ja layuka 4, da wani ɗan fili a gefe inda za ta riƙa rubuta ko dare ya yi sanyi.